Niƙaƙƙen Dutse a Rijiyar Gindin Marke

Mahaifinmu mahaƙin rijiya ne. Da damina noma yake yi kamar kowa a ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Makoda da Kunci, amma da zarar gero da dawa sun shiga rumbu sai ya ɗauko diga da dagi da igiyarsa mai kauri ya nufi duk inda aka kira shi. In wurin da nisa, sai mu yi wata guda ba mu sa shi a ido ba. Ranar da zai dawo kuwa jar ƙasa ta shige masa farce da gashin gira, sai Inna ta ɗora ruwa sau biyu kafin ainihin fatarsa ta fito. Ni ne babba a gidan. Ba zan ɓoye ba, lokacin da nake makarantar horon malamai, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina, manomi kawai nake cewa in ja bakina.

Autarmu mace ce, na girme ta da shekara goma sha huɗu. Auta kowa yake kiranta har yau. Ni na koyar da ita a aji uku na firamaren garinmu, don haka na san kanta yana ja tun kafin kowa ya sani. Da ta gama sakandare ta sami gurbi a jami'a, sai ta zo ta ce mana ilimin duwatsu da ƙasa za ta karanta. Raina bai so ba. Ni aikin jinya na so ta yi, don ina ganin shi ne karatun da mace za ta dawo da shi gida kowa ya amfana. Na faɗa mata haka a gaban Baba, a zaure, bayan la'asar.

"Duwatsu kuma, Auta? Duk karatun duniya ki rasa wanda za ki ɗauka sai na duwatsu?"

"Shi nake so, Yaya."

Baba yana gefe yana tufka igiya a cinyarsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ƙyale ta. Ai da duwatsun na ciyar da ku."

Daga nan na ƙyale ta, amma ban yarda ba. Na yi shekaru ina ganin an yi asarar kai mai kyau.

Ta gama digirin farko, ta yi bautar ƙasa, ta koma yin na biyu a hannun wani farfesa. Shi aikinsa nazarin tsagar da ke cikin duwatsu ne, musamman a wuraren da ƙasa ke girgiza. Lokacin Baba ya daina shiga rijiya da daɗewa, gwiwoyinsa sun ƙi, kuma injin haƙa burtsatse ya karɓe yawancin aikin.

Wani rani ta zo hutu. Da hantsi ne, ranar Asabar, muna zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida, Inna tana ɓarar gyaɗa, ni kuma na shigo gaishe su. Na ce wa Auta, cikin tsokana, ta nuna mini abin da take ta karantawa shekara da shekaru. Ta buɗe kwamfutarta ta fara yi mini bayani. Ta ce dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ba a dunƙule yake ba, yana da tsaga, wata gajera, wata kuwa ta fi tafiyar yini. Wani lokaci ɓangare ɗaya na tsagar yakan zame ya goga da ɗayan, to wannan zamewar ce mutanen da ke sama suke ji a matsayin girgizar ƙasa. Kuma inda ɓangarorin suka gogi juna, dutsen yakan niƙe ya koma gari, fuskarsa ta yi sumul da zane a jiki. Ta nuno mini hoton wani irin wannan da aka ɗauka a wata ƙasa mai nisa.

Baba ya miƙo hannu. "Juyo mini shi nan."

Ta juya masa. Ya matso da fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallo.

"Na taɓa ganin wannan," in ji shi.

Ni dariya na yi. Auta ba ta yi ba. Ta ce, "A ina, Baba?"

"Rijiyar gindin marke, ta tsohuwar unguwa. Ina da ƙarfina lokacin, yayan nan naki yana goye. Na wuce marmara, na wuce ruɓaɓɓen dutse, a zurfin gaba tara sai diga ta faɗa cikin wani abu mai laushi, toka-toka, kamar an niƙa shi a dutsen niƙa. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Da na kwashe shi sai ga bango a bayansa, santsi kamar an shafa mai, da zane-zane duk sun nufi wuri ɗaya, kamar an ja ƙaya a kan danshi. Na tsaya ina kallonsa har na sama suka yi zaton wani abu ya same ni."

"Ruwan fa, ta ina ya fito?"

"Ta gefe ɗaya kawai. Ɗaya gefen ƙamas."

Auta ta rufe kwamfutar a hankali. Ta ce, "Baba, ka faɗa wa wani?"

"Wa zan faɗa wa? Ruwa suka ce in nemo musu, na nemo."

Washegari ta ce tana so Baba ya nuna mata duk rijiyoyin da ya haƙa a yankinmu, waɗanda zai iya tunawa. Makaranta tana hutu, babur kuma nawa ne, don haka aikin kai-komo ya faɗo kaina. Ba zan iya ɗaukar su biyu a yashin hanyoyinmu ba, sai in kai Baba in ajiye a gindin wata bishiya, in dawo in ɗauko ta. Kwana tara muka yi a haka. Ƙasarmu ba ta da daji, gona ce ta haɗu da gona, ƙauye yana hango ƙauye, ko ina ka juya gawo ne da kuka da karan dawa da aka jingine. Duk garin da muka shiga sai dattawa su taso su tari Baba, a kawo fura, a yi ta tambayar bayan rabuwa. Wasu tun ranar da ya fito daga rijiyarsu ba su sake ganinsa ba.

A wannan yawon ne na fara sanin mahaifina. Sai ya tsaya a bakin rijiya, ya dafa ginin, ya fara lissafo mata abin da ke ciki daga sama har ƙasa. Yashi gaba ɗaya da rabi, jar ƙasa gaba biyu, marmara mai taurin da ta cinye masa bakin diga, sannan farin yumɓu, sannan dutse mai ƙyalƙyali da ke rugujewa a hannu. Ya tuna wadda ya tarar da jijiyar farar ƙanƙara a cikinta, ya tuna wadda ya haƙa gaba goma sha biyar bai sami ko danshi ba ya haƙura. Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba, don ban da karatun allo ba shi da wani. Auta tana gefe da littafi tana rubutawa, tana danna wayarta ta ɗauki daidai inda rijiyar take. Kowace rijiya sai ta tambayi matan da ke jan ruwa ko tana ƙafewa da bazara.

Wata tsohuwa a wani ƙauye ta dube ta da kyau ta ce, "'Yar nan, ke ma haƙar za ki gada?"

"Ita nake koyo, Iya," in ji Auta.

Da muka gama, ta shimfiɗa babbar takarda a kan tabarma ta zuba ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo rijiya ɗaya. Waɗanda ke ƙafewa ta yi musu baƙi, waɗanda ba sa ƙafewa ta yi musu ja. Ko ni da ban san komai a harkar ba na ga abin. Baƙaƙen a warwatse suke, jajayen kuwa, in ka cire biyu ko uku, sun jeru a layi ɗaya, sun ratsa gonakinmu a karkace, kuma rijiyar gindin marke tana kan layin. Ta ce wa Baba ga dukkan alamu akwai tsohuwar tsaga a ƙarƙashinmu, kuma ruwa yana bin fasassun duwatsun da ke gefenta. Baba ya bi layin da yatsa, yana kiran sunan kowane ƙauye.

"To ai na san rijiyoyin wannan ɓarin sun fi albarka," ya ce. "Ban dai san a jere suke ba."

Matsala ta taso ta inda ba mu zata ba. A yawon da muka yi mutane sun ji ana ambaton tsaga da girgizar ƙasa, kuma magana in ta bi ta bakin rijiya ba ta isa gida yadda ta fito. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya cika gari cewa 'yar gidan mai rijiya ta auna ta gano ƙasarmu za ta tsage. Wani maƙwabcinmu da ya tara tubali zai tayar da ɗaki ya dakatar da magina. Wata gwaggonmu ta zo har gida tana tambayar Inna ko gaskiya ne za a tashe mu. Ranar Alhamis dagaci ya aiko a kira Baba, ya ce ya zo da yarinyar.

Na raka su. Ƙofar gidan dagaci ta cika, liman yana nan, masu unguwanni suna nan, mata kuma sun tsaya daga bayan danga suna saurare. Ni dai ban taɓa ganin mace ta yi jawabi a wannan wurin ba. Auta ta cire takalmi, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta zauna a bayan Baba. Dagaci ya ce ta faɗi abin da ta gani.

"Ranka ya daɗe, tsaga akwai ta, in Allah ya yarda ban yi kuskure ba. Amma tsohuwa ce ƙwarai. Ta motsa tun kafin a yi garin nan, tun kafin a yi mutanen da suka fara sare dajin nan. Kamar ƙashin da ya karye tun ana yaro ne, ya ɗoru, sai dai in an taɓa a ji gurbin."

Wani daga cikin masu unguwanni ya ce, "To za ta sake motsawa ko ba za ta sake ba?"

"Ranka ya daɗe, wannan sanin na Allah ne, ba zan yi rantsuwa a kai ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ƙasashen da girgiza ke damunsu, tsagarsu tana motsi har yanzu, ana auna ta ana gani. Tamu babu wata alama da ke nuna tana motsi. Ni da kaina a gidan Baba nake kwana, kuma gidan bai fi taku ɗari uku daga layin ba. Wanda zai yi gini ya yi gininsa."

"To mene ne amfanin tono zancen?" in ji dagaci.

"Ruwa, ranka ya daɗe. Sau biyu ana kawo injin burtsatse garin nan ana tashi ba ruwa. Inda aka haƙa ɗin dutse ne dunƙulalle. Da an matsa kusa da tsagar, ina kyautata zaton da an samu."

Kowa ya san zafin waɗannan ramuka biyu, don ƙungiyar ci gaban gari ce ta yi ta faɗi-tashi kafin a kawo injin, kuma har lokacin bututu biyun suna nan a tsaye awaki suna soshe-soshe a jikinsu. Liman ya gyara murya ya ce shi bai ji abin tsoro a maganar yarinyar ba, ilimi ne Allah ya ba ta, a yi mata addu'a. Aka shafa fatiha. A hanyar komawa gida na lura Baba ya bar sandarsa tana lilo a hannu, bai dogara ta ba har muka isa.

Saura abu ɗaya. Auta ta ce ɗigo a takarda da labarin baki ba za su ishi malamanta ba, sai ta ga dutsen da idonta, ta auna shi, ta ɗebo. Wato sai ta shiga rijiyar gindin marke. Rijiyar an daɗe da barinta, tun da mutanen tsohuwar unguwa suka koma bakin titi. Yanzu a tsakiyar gonar wani take, yashi ya cike ƙasanta, da bazara babu komai a ciki sai taɓo.

Inna ta ce sam. Ta ce shekara talatin tana zaman zullumi duk ranar da mijinta ya shiga rami, ba za ta sake sabon zama a kan 'yarta ba. Ni ma na goyi bayan Inna, har na ce ni zan shiga a madadinta. Auta ta tambaye ni ko na san abin da zan auna in na isa. Ban sani ba. Gaskiyar magana kuma, ko da na sani, ban taɓa shiga rijiya ba, kuma da na leƙa wannan ɗin sai da na ja da baya.

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce wa Inna, "Ni na haƙa ta, ni na ɗaure bakinta. Zan je in duba. In ban yarda da ita ba, ba mai shiga. In na yarda, ni zan ɗaura igiyar da hannuna."

Kwana biyu ya yi yana shiri. Ya sa aka sare reshen marken da ya rufe bakin don haske ya shiga. Ya ɗaura ganye a igiya aka yi ta zurawa ana jawowa, don iskar da ta kwanta a ciki ta motsa, jemagu suka yi ta fitowa. Ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta a hankali har ƙasa, muna leƙe, ya bar ta can tsawon lokaci. Ba ta mutu ba. Ya ce in wuta ta rayu a ciki mutum ma zai rayu. Ya sa aka gitta gungumen giginya a baki, ya zaɓo magidanta huɗu da suka taɓa yi masa aiki, ya ce su za su riƙe igiya, ni in tsaya a bayansu na biyar.

Da sanyin safiya muka je. Inna ba ta zo ba, ta ce tana gida tana addu'a. Auta ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗora hular kwano mai fitila a kan ɗan ƙaramin hijabi, ta rataya jaka da guduma da kamfas a ciki. Mutane sun taru fiye da yadda muka so. Baba ya zauna a ƙasa ya ɗaura mata igiya a ƙugu da cinyoyi, irin ɗaurin da yake yi wa kansa, ya ja ya sake ja. Sannan ya nuna mata ramukan da ya sassaƙa a bango don sa ƙafa.

"Kada ki dubi ƙasa, bangon gabanki za ki duba. In kin ji kanki ya yi nauyi, ko kin ji barci, ki ja igiya sau biyu, kada ki tsaya jarumta."

"To, Baba."

"Bismillah."

Ta shiga. Igiya ta fara zamewa a tafin hannunmu kaɗan-kaɗan. Baba ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, tsoho mai ciwon gwiwa, ya zura kansa yana yi mata magana.

"Yanzu kina jar ƙasa. Saura kaɗan ki iso marmara, za ki ji ta da kaushi."

"Na iso, Baba." Muryarta ta fito da amo kamar daga cikin tulu.

"Akwai wani rami a nan da ya fi sauran faɗi, na hagu. Kada ki taka shi, bakinsa ya taɓa karyewa da ni."

"Na gan shi."

Shekara kusan arba'in rabonsa da cikin wannan rijiya. Mutumin da ke gabana a igiya ya waiwayo ya dube ni, ya girgiza kai.

Da igiya ta kai alamar gaba tara, Baba ya ɗaga hannu muka tsaya. Ya ce ta juya dama ta kankare taɓon da ke bango. Muka ji ƙarar guduma tana karta. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara ƙirga numfashina.

"Auta?" in ji Baba.

"Ina nan, Baba. Na same shi." Ta ɗan tsaya. "Yadda ka faɗa yake. Har zanen."

Baba ya janye kansa daga bakin rijiyar ya zauna, ya share fuska da hannun riga, sannan ya koma ya kwanta.

Ta fi rabin sa'a a ciki tana aune-aune da ɗaukar hoto. Aka zura mata guga sau uku, tana turo samfur a ƙulle cikin leda, kowanne da rubutu. Da na farko ya iso, Baba ya kwance ya ɗebi garin a yatsa ya murza. Toka-toka ne, mai laushi kamar bula. Ya miƙo mini ya ce in taɓa. Na taɓa. Na tsaya a gonar mutane da igiya a hannu ɗaya da garin dutse a ɗaya. Da muka jawo ta, ta fito jar ƙasa tun daga hula har takalmi, tana haki tana dariya. Tsofaffin da ke wurin suka yi ta sa mata albarka. Ni kuwa na hau babur na tafi in gaya wa Inna ta fito lafiya, don ban so a ga idona.

Bayan mako uku farfesan ya zo da kansa, da ɗalibai cikin mota da na'urar da ake shimfiɗa wayoyinta a ƙasa a gane abin da ke ciki. Mutum ne mai furfura, ɗan asalin gabas, Hausarsa da ɗan nauyi. Na shirya masa kujera a zaure, ya ƙi, ya zauna a tabarma kusa da buzun Baba. Tun hantsi har azahar yana tambaya Baba yana amsawa, ɗalibai suna rubutu. Da za su tashi salla ya ce wa ɗaliban, da Hausa don kowa ya ji, abin da wannan dattijo ya gani da idonsa a ƙarƙashin ƙasar nan, su sai sun yi shekaru suna haƙa kafin su gani. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, neman abinci ne kawai."

Sun yi kwana huɗu suna ja da wayoyi a gonaki. Kafin su tafi suka kafa turaku biyu, suka ce wa dagaci in an tashi haƙa a gwada nan. Sai da shekara ta zagayo ƙungiyar gari ta samu aka kawo inji. A turken farko aka sami ruwa. Ba irin mai feshin nan ba ne da ake nunawa a talabijin, kuma in bazara ta yi tsanani sai an ɗan jira shi tsakanin jarka da jarka. Amma bai taɓa ɗaukewa ba, kuma matan unguwarmu sun daina tafiya ƙauyen gaba da kurar ruwa.

Da lokacin da Auta za ta kare aikinta a gaban malamai ya zo, ta ce lallai Baba ya je. Inna ta fito masa da farar babbar rigarsa ta Salla. Muka hau motar haya daga Makoda tun da safe, muka shiga birni ta Bacirawa, cunkoso ya kusa sa mu makara. Ɗakin taron da sanyin na'ura, Baba ya yi ta jan riga yana rufe ƙafa. Da Turanci aka yi komai. Ni ina tsintar abin da zan iya, shi kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji, amma bai ɗauke ido daga allon ba. Aka nuno taswira, aka nuno hoton bangon mai santsi, aka nuno zanen cikin rijiyar daga sama har ƙasa. Malamai suka yi mata tambayoyi masu zafi, wani ma kamar da faɗa, ta amsa ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Daga ƙarshe suka fitar da mu, suka yi shawara, suka kira ta suka ce ta ci. Farfesan ya nuna Baba ya yi wata magana, duk ɗakin suka juyo suna tafi. Baba ya tambaye ni a kunne me aka ce, na ce masa an ce shi ya fara gano wurin. Ya ce to.

A waje, a gindin wata bishiya, abokan karatunta suna ta ɗaukar hoto, sai Baba ya yafito ta.

"Auta, zanen nan na cikin rijiya da kika nuna."

"Na'am, Baba."

"Kin kwantar da dutsen ta yamma. Ta gabas ya kwanta. In kina fuskantar marken, ƙasansa wajen hannun damanki ya nufa."

Ta ajiye jakarta a kan benci, ta ciro tsohon littafin da ta shiga rijiyar da shi, har lokacin da jar ƙasa a gefen takardun, ta buɗe shafin awon. Ta duba, ta buɗe kwamfuta ta duba zanen, ta sake duba littafin. Awon da ta rubuta daidai yake, lissafinta ma daidai, wajen zana hoton ne ta juya shi. Malamai biyar sun kalli zanen nan babu wanda ya lura.

"Gaskiyarka, Baba. Na juya shi."

"To ki gyara kafin ki ba su. Kada wani ya zo bayanki ya haƙa a inda ba nan ba."

A nan kan bencin ta zauna ta gyara, mu kuma muna tsaye muna jira. Da ta gama ta juyo masa da allon, ya duba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce mu nemi masallaci, azahar tana neman wucewa, kuma yana so mu kama hanya da wuri don bai bar wa tumaki isasshen harawa ba.